Kwano Biyu Cikin Goma

4 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya da mahaifi, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwarta? Baba Direba ya ce min yanzu da sanda take zuwa ɗakin kaji. Ka ce na ce ta bar su su yi kewarta kwana biyu, ba za su daina ƙwai don fushi ba. Ni kam lafiya lau, sai 'yar mura da na yi makon jiya, ta wuce.

Ranar Lahadi da na kira ka, ina magana kana "iye?", har maƙwabciyata ta leƙo ta ga da wa nake faɗa. Tunda kunnen ya ƙi waya, mu koma takarda kamar yadda ka ce. Baba Direba yana bi ta ƙofar makarantarmu duk Laraba in ya sauke ƙwanku a gari. Ya ce zai riƙa miƙo min taka hannu da hannu, ya karɓi tawa.

Ka ce mutane na tambayarka wane karatu nake yi har shekara biyu, kai kuma ba ka san me za ka ce musu ba. To ka ce musu kashin kaji nake aunawa. Ba wasa nake ba. Muna da ɗaki mai tsawo, keji arba'in da takwas, kowane da farantinsa a ƙarƙashi. Sai mu hana su abinci yini guda cikinsu ya wanke, sannan in auna wa kowane abin da zai ci a sikeli. Kwana uku ina bin farantan nan ina kwashe abin da suka fitar, ina tsince gashi da ɗan hantsaki, in busar a tanda, in niƙa, in kai ɗakin gwaje-gwaje. Abin da ya shiga, a cire abin da ya fita, ragowar shi ne abin da jiki ya amfana da shi. Don ba duk abin da kaza ta haɗiye ne ya zama nata ba, wani wucewa kawai yake yi kamar baƙon tasha. Warin ya kama rigar aikina yadda ko mai wanki ya ce in daina kawo masa.

Ga albishir. Cikin abincin da na gwada, wanda ya fi ba ni mamaki tunkuzar angurya ce, irin wadda ke fita daga injin matsar mai. Na sa kwano biyu cikin goma, na rage waken suya, kajina suka narkar da ita kusan kamar waken. Malamarmu da ba ta cika yabo ba, sai da ta cire tabarau ta sake duba lissafin. Ba a gama aikin ba tukuna, amma ina ji a jikina wata rana masu kiwo irinku za su huta da tsadar wake, a ce 'yar gidanku ce sila.

Ka gaishe min da Inna sosai.

'Yarka

10 ga Maris

Mamana,

Bayan gaisuwa da sa albarka. Takardarki ta iso. Innarki ta sa na karanta mata sau biyu, da na zo wurin farantan nan ta yi dariya har da hawaye. Ta ce in gaya miki da ta san a kan kashin kaji ake ba da digiri, da tun shekara ashirin da suka wuce ita farfesa ce. Gwiwa da sauƙi, sai in ta daɗe a zaune. Ni ma ƙalau nake, kunne ne dai ya tafi yawonsa bai ce ga ranar dawowa ba.

Kaji ɗari shida suna nan, kiret goma sha bakwai muke ɗauka kullum. Mai gidan burodi yana kwashe goma, sauran Direba ya kai gari. Abin da ya dame mu shi ne waken suya, ya yi tashin gwauron zabo, duk wanda ya je saye sai ya dawo riƙe da baki. Ina cikin wannan tunanin takardarki ta zo, na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar Asabar na je injin matsar mai na bakin gada. Tunkuzar angurya ga ta nan tsibi guda a bayan rumfa, ba mai waiwayarta sai masu shanu. Mai injin ya ce shi bai taɓa jin an ba kaji ba. Na ce masa ai shi ya sa ake tura yara makaranta, don su jiyo abin da mu ba mu ji ba. Na ɗauki buhu talatin, na kai wa mai niƙa ya haɗa min yadda kika rubuta, kwano biyu cikin goma.

Ban fara ba su ba. Akwai ragowar tsohon abinci da zai kai mu kwana takwas ko tara. Wannan za ta same ki gobe, Laraba ta sama kuma Direba zai sake bi ta wurinki. In akwai gyara, ki ba shi ko da layi biyu ne. In ya dawo bai riƙo komai ba, to na san ba gyara, sai in fara.

Kada ki riƙa zama da yunwa saboda aiki. Innarki ta ce tun kina ƙarama haka kike, in kin sa abu a gaba sai an bi ki da kwano.

Kawunki

21 ga Afrilu

Mamana,

Ina fatan kina lafiya. Mu ma da godiya. Innarki ta ajiye sanda, amma hawan jininta ya ɗan motsa, an ƙara mata ƙwaya.

Mako shida ke nan ban ga rubutunki ba. Direba ya ce Larabar da na sa ran amsarki kin ce masa ba saƙo, a gaishe mu. Na ɗauka hakan amsa ce, washegari na fara ba su sabon abincin. Na so in bar ki ki yi karatunki, amma abin ya fi ƙarfin shiru.

Makon farko ban ga komai ba. Na biyu suka fara barin abinci a mazubi, suna tonawa suna watsarwa. Na ce baƙunta ce, za su saba. Daga kiret goma sha bakwai muka koma sha huɗu, yau tara muka ɗauka. Tukkunsu ya koɗe, in na ɗaga kaza sai in ji ta kamar buhun auduga. Goma sha ɗaya sun mutu, ba tari, ba zawo, sai dai a wayi gari a gan su kwance.

Wannan duk da sauƙi. Ranar Alhamis mai gidan burodi ya zo da kansa, ba aike ba. Ko zama bai yi ba, ya ce in kawo kwano. Ya fasa ƙwai uku a gabana, cikin waɗanda suka yi kwana goma a ma'ajiyarsa. Mamana, gwaiduwar ba ruwan ɗorawa ba ce. Wani launi ne tsakanin kore da ƙasa-ƙasa, da ɗigo-ɗigo, farin kuma ya yi ja-ja kamar an wanke nama a ciki. Ya ce, "Alhaji, shekara tara ina sayen ƙwanka ban taɓa fasawa don in duba ba. Jiya kwaɓin buhu biyu na zubar." Na ce ƙwan bai ruɓe ba, ya shinshina ya ji. Ya ce, "Ni na shinshina, amma mai sayen kek da ido yake saye." Ya ce zai nemi wani wuri kafin in gano abin da ke damun kajina.

Na fasa na ranar, lafiyarsu ƙalau. Sai ya kwana biyu yake juyawa. Innarki ta ce abincin ne. Na ce ba zai yiwu ba, abin da aka auna a sikeli a makaranta. Ko mai niƙa ne ya yi min ha'inci? Ko cuta ce sabuwa? Na ce Direba ya tsaya a ƙofarku har sai kin ba shi amsa, ko da zai yini.

Kawunki

22 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina yi wa Inna sannu. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, Baba Direba na jira a mota.

Ka tsayar da abincin nan yau, kada ka bari a ƙarar da na cikin mazubi. A kwashe, a share, a koma masara da waken suya da dusa yadda kake yi da, ko da rabin kajin za ka sayar ka ciyar da rabi. Ba cuta ba ce, ba kuma laifin mai niƙa ba ne. Angurya tana da wata guba a cikinta. Shanu na iya da ita, kaji ba sa iyawa. Tana taruwa a jiki a hankali, ta kashe cin abinci, ta shiga gwaiduwa, shi ya sa launin ke juyawa in ƙwai ya kwana. Wadda na yi aiki da ita ba ɗanya ba ce, sai da muka gauraya ta da wani sinadarin ƙarfe da ke ɗaure gubar. Kuma nawa zakaru ne, Kawu, ba masu ƙwai ba, kwana uku kacal suka ci. Gwajina yana nuna abin da ciki ya narkar ne kawai, bai san abin da zai faru bayan wata guda ba. Kazar ƙwai ko rabin kwano cikin goma sai da lura.

A sa musu maganin ƙarin kuzari a ruwa kwana biyar. Ƙwan da za su yi nan da mako biyu zuwa uku kada a kai wa mai ajiyewa. Ka riƙa ware guda shida kullum, ka rubuta ranar a jiki da fensir, bayan kwana goma ka fasa. Ranar da ka ga gwaiduwa ta dawo daidai, ka ɗauki kwanon ka kai wa mai burodi ya gani da idonsa. Ragowar buhunan ka sayar wa masu shanu.

Takardarka ta watan jiya sai yau ta zo hannuna tare da wannan. Da na gan ta a kan lokaci da duk haka ba ta faru ba.

Allah ya mayar da alheri.

'Yarka

13 ga Mayu

Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, jinin Innarki ya sauka. Wannan takarda ta hannun motar tasha za ta zo miki, na rubuta lambar wayarki a bayan ambulan. Dalili yana ƙasa.

Na yi duk yadda kika ce. Na sayar da ɗari da hamsin, na sayi wake. Uku sun ƙara mutuwa a makon farko, daga nan ya tsaya. Sun koma cin abinci har suna faɗa a kan mazubi. Jiya kiret goma muka ɗauka daga ɗari huɗu da 'yan kai. Ƙwan gwaji na jera su a kan tagar ɗakina da kwanan wata, Innarki ta ce na zama ɗan makaranta da furfura. Wanda na fasa shekaranjiya, saura ɗan duhu kaɗan a gefe.

Yanzu maganar Direba. A ranar da ya kawo amsarki, a gabansa na karanta. Da na zo layin ƙarshe sai na ji kaina ya yi zafi. Na ce, "Takardar da na ba ka watan jiya, ina ka kai ta?"

Ya ce, "Na ba ta."

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "A ranar. A bakin ƙofa, tana sanye da farar riga."

Na miƙa masa taki na ce ya karanta da kansa. Ya karanta a hankali, kin san shi da bin layi da yatsa. Ya ninke, ya miƙo min, ya ce, "To." Na ce to me? Ya ce, "To, haka ta rubuta."

Wannan "to" ɗin ita ta ƙara tunzura ni. Da ya ce mantuwa ya yi, takarda ta faɗa ƙarƙashin kujera, wallahi da na haƙura, ɗan Adam ne. Amma ya tsaya yana nema ya mai da ke maƙaryaciya. Na ce masa yarinyar da na raina tun tana shekara huɗu, tun rasuwar ubanta, ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ba kuma yau za ta fara ba. Na faɗi wasu maganganun da ba sai na rubuta ba. A gaban mai niƙa aka yi, da wasu mutum biyu da suka zo sayen ƙwai. Na ce daga yau kada ya ƙara ɗaukar min ko kiret ɗaya. Ya sauke kiret ɗin ƙwan da ya riga ya loda don tafiya ta gaba, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a inuwa don kada rana ta taɓa su, ya tafi.

Shekara ashirin da shida muna tare. Shi ya kai mahaifiyarki asibiti a ciwonta na ƙarshe. Amma amana in ta tsage ta tsage. Innarki ba ta ce min komai ba a kan maganar, sai dai na lura ta daina zuba shayi kofi biyu da safe ranar Laraba.

Ke dai ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne. Ki yi karatunki.

Kawunki

30 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Lafiyar jiki ina da ita.

Takardarka ta kwana goma sha shida a wurina. Wannan karon a ranar na karanta, amsar ce na kasa. Na fara sau biyar ina yagawa.

Kawu, Baba Direba gaskiya ya faɗa. Ya ba ni takardarka ranar sha ɗaya ga Maris, a bakin ƙofa, ina sanye da rigar aiki. Har ya ce min, "Kawunki ya ce wannan da amsa." Na ce to. A makon ne zan gabatar da sakamakona gaban malamai, farantai na jirana, sai na sa ta a aljihu na ce in na huta zan karanta. Da yamma na mayar da ita durowar teburina. A raina na ce ai gaisuwa ce da labarin gwiwar Inna. Da ya dawo Laraba ta sama, ko fitowa ban yi ba, ta taga na ce masa ba saƙo, ya gaishe ku. Ya ɗan tsaya kamar zai yi magana, na juya na koma aiki. Daga nan na manta da ita kwata-kwata.

Ranar da ta biyu ta zo, a bakin ƙofa na karanta, na ruga na buɗe durowa. Tana nan ƙarƙashin ledojin samfuri, ko buɗe ta ba a yi ba. Na karanta inda ka ce in ba shi ko da layi biyu ne. Layi biyu, Kawu. Na zauna na rubuta maka duk abin da ya kamata, da na zo ƙarshe sai hannuna ya rubuta wancan layin. Ba zan ce ban san me nake yi ba. Na sani. Na ji tsoron ka san cewa kajinka sun mutu ne saboda 'yar da ka ɗauki nauyin karatunta ba ta da lokacin buɗe takardarka. Na ce a raina za ka ɗauka ɓatan hanya ne, maganar ta wuce. Ban tsaya na tuna cewa hanyar mutum ɗaya ce ba. Na liƙe ambulan, na fita na sa masa a hannu, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin yi sauri." Da hannunsa ya kai maka abin da na ɗora masa.

Akwai na biyu. Takardata ta farko ma ba ta da gaskiya cikakkiya. Na san zakaru ne, na san an gyara tunkuzar, na bar su ban faɗa ba don labarin ya fi daɗi. Kuma na san halinka, na san abin da wake ke yi muku. Wani ɓangare na zuciyata ya so ka gwada, ya yi kyau, ka riƙa faɗa a gari. A nan in ɗalibi ya ɓoye rabin yadda ya yi gwaji, Malamarmu korarsa take yi daga ɗakin. Ni na yi wa wanda ya raine ni.

Na gaya mata abin da ya faru, har da launin gwaiduwar. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce in zauna in rubuta shi a babin ƙarshe na kundin bincikena, a matsayin iyakar abin da gwajin kwana uku zai iya faɗa, kuma zangon gaba za mu sa kajin ƙwai na wata uku. Na rubuta. Bai rage min komai ba.

Ban san da wane ido zan dube ka ba. Amma kafin ni, shi. Don Allah ka je wurinsa, ka nuna masa wannan takardar in ka ga dama. Ka kira mai niƙa da mutanen nan biyu su ji. Abin da za ka yanke a kaina na karɓa.

'Yarka, in har ka yarda

8 ga Yuni

Mamana,

Muna lafiya, muna fatan kina lafiya.

Na karanta takardarki a ɗakin kaji, a zaune kan buhu. Na daɗe a wurin har Innarki ta biyo sawu. Na karanta mata. Ta ce, "Ai na sani." Na ce kin sani kika yi shiru? Ta ce, "Ranar da kake ta faɗa, wa ka bari ya yi magana? Mutumin da zai tsaya ya jera maka ƙwai a inuwa bayan ka zage shi, shi ne zai ɓoye takarda?"

Raina ya ɓaci da ke, ba zan ɓoye miki ba. Kwana biyu ban iya ɗaukar biro ba. Kaji ba su dame ni ba, dukiya ce, tana zuwa tana tafiya. Abin da ya tsaya min shi ne na rantse a kanki a gaban mutane.

Amma a kwana biyun nan na ɗauko takardarki ta farko na sake dubawa. Kin rubuta "ba a gama aikin ba tukuna". Na gan shi tun ranar, sau biyu na karanta wa Innarki shi da bakina. Na tsallake shi don ba shi nake son ji ba. Mai injin mai ya ce bai taɓa ji ba, na yi masa gori. Kaji suka bar abinci tun mako na biyu, shekara ashirin ina kiwo, na san kaza ba ta barin abinci don wasa. Innarki ta ce a sa wani ya kira ki a waya, na hana, don na riga na cika baki a wurin mai niƙa cewa 'yata ta gano abin da zai kori waken suya, ina jin kunyar a ce ya ƙi. Mako uku na ƙara ina kallonsu suna ramewa. Wannan ba ke kika yi ba. Ranar da na tsayar da Direba kuwa, can ƙasan raina na san ba ya ƙarya. Mutum uku ne a maganar, ni da ke da shi, na zaɓi wanda ya fi sauƙin ɗora wa.

Ranar Asabar na je gidansa, na tafi da mai niƙa. Mutanen nan biyu ɗaya na samu, ya biyo mu. Mun tarar da shi a ƙofar gida ya kwance tayar gaba yana duba birki. Ya shimfiɗa mana tabarma. Na ce ba zama ya kawo ni ba, na faɗi abin da ya kawo ni a tsaye, a gabansu, yadda na yi wancan a gabansu. Na miƙa masa takardarki. Ya goge hannu, ya karɓa, bai buɗe ba, ya mayar min.

Ya ce, "Ba sai na karanta ba, ai ina wurin."

Na ce me ya hana shi ya tsaya a kan maganarsa ranar?

Ya ce, "In na tsaya, sai ka zaɓa tsakanina da ita a gaban mutane. Na ga gara a ce tsoho ya yi mantuwa." Sannan ya ce, "Amma ka ce min maci amana, Alhaji. Wannan ban zata ba."

Na ce na faɗa, kuma na zo in janye. Ya ce ya yafe, duniya nawa take. Na ce to Laraba ina jiransa. Ya ce Larabarsa ya riga ya ba wani mai kiwo, ya yi masa alkawari har ƙarshen shekara, ba zai saɓa ba. Ban ja ba. Da za mu tafi ya rako mu bakin titi, ya tambaye ni ya jikin kajin. Ke bai tambaye ki ba. Shekara biyu duk ranar da ya dawo daga gari, kafin ya sauke kiret sai ya ba ni labarinki, ko kin rame ko kin yi ƙiba.

Mai burodi ya ga kwanon, ya dawo yana sayen kiret huɗu, ya ce sauran sai a hankali.

Ni na yafe miki, Innarki ma haka. Kin yi laifi, kin kuma faɗa da bakinki ba wanda ya matsa miki, na san abin da hakan ya ci miki. Amma yafiyata ba ta biya miki tasa ba, takarda kuma ba za ta yi ba. Ya ce ranar Asabar da yamma yana gida. Ban ce masa za ki zo ba, na daina yin alkawari da bakin wani.

Kawunki

10 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ku, na gode. Na kasa rubuta fiye da haka.

Na nemi izinin kwana uku, Malamarmu ta ba ni, wata abokiyar aikina za ta kula da farantai. Zan taso ranar Asabar da motar farko. Kada ka zo tasha, kada kuma Inna ta jira ni da abincin rana. Gidansa zan fara sauka, ni kaɗai. In ya bar ni a tsaye zan tsaya, in ya ce in dawo gobe zan dawo. In na fito daga can, sai in zo gida.

'Yarka